Inbatar mota 'yar Amurka mai 120V 60Hz: za ta juyu zuwa 230V 50Hz?

Direban_Hilux: Assalamu alaikum masu sana'a. Tambaya gare ni. Akwai inbatar mota 'yar Amurka daga cikin kayan gwanjo, 400W, tana karɓar 12V tana fitar da 120V 60Hz, modifaid ce (wutarta matakala take fita), ba fiyo sayin mai santsi irin wutar gida ba. Abin da ake so ta riƙa ɗauka a hanya shi ne laftof, cajar waya, ƙaramar fanka da kilifar aski. Za a iya mayar da ita 230V 50Hz irin wutarmu? Na cire murfin, ga abin da ke ciki: aisi (IC, cif ɗin da ke sarrafa aikin) biyu masu ƙafa 16 duk TL494, ƙaramar taransifoma ɗaya, mosfet (tiransisto masu kunna wuta da kashewa) huɗu IRF3205 a gefe ɗaya, wasu huɗu IRF640 a ɗaya gefen, da babbar kafasita mai 200V.

Anti_Sola: Wa alaikumus salam. Kafin ka ɗauki dalma, juya cajar laftof ɗin ka karanta bayanta. In an rubuta 100-240V 50/60Hz, ba ta buƙatar komai sai adaftar soket, za ta yi aiki a 120V yadda take. Cajar waya ma haka. Rabin matsalarka ta tafi ke nan. Fanka da kilifa su ne abin magana.

Yaro_Mai_Sauri: Oga akwai firiset (rizistar da ake murɗawa) a kan fanel ɗin, ka murɗa shi kawai wutar ta hau.

Injiniya_Fagge: Yaro_Mai_Sauri, ƙanena, kada ka sa mutum ya yi asara. Firiset zai motsa wutar da kaɗan ne, ba zai ninka ta ba. Bari in fayyace yadda akwatin yake, don sauran maganar ta zauna.

Inbatar nan hawa biyu ce. Hawa na farko: TL494 ta ɗaya tana kunna IRF3205 tana kashewa sau dubu 30 zuwa 50 a daƙiƙa, taransifoma ta ɗaga 12V, dayod su daidaita ta, ta taru a kafasita a matsayin DC wajen 145 zuwa 155V, wannan shi ne babban layi. Hawa na biyu: TL494 ta biyu tana juya IRF640 ɗin huɗu, biyu-biyu, suna tura wannan DC ɗin gaba da baya sau 60 a daƙiƙa, da ɗan hutu a tsakani. Wato boltej daga hawa na farko yake fitowa, firikwansi kuma daga na biyu. Aiki biyu ne daban.

Firikwansi shi ne mai sauƙi. A TL494 ƙafa ta 5 kafasita ce, ta 6 rizista. Nemo aisin da kafasitar ƙafarsa ta 5 ta fi girma, yawanci mai lamba 104, wannan shi ne na hawa na biyu. Ɗayan za ka ga 102 ko 222, kada ka taɓa shi. Ƙara rizistar ƙafa ta 6 da kashi 20 cikin ɗari. In 82k ce, tana buƙatar komawa kusan 100k. Abin da ya fi shi ne a sa 91k a jera da firiset 20k, a murɗa ana kallon mita mai karanta Hz har ta tsaya a 50.

Boltej shi ne aikin gaske. Ana buƙatar DC ɗin ya kai 300 zuwa 325V, kuma duk abin da ke bayan taransifoma ba a yi shi don wannan ba.

Direban_Hilux: Na gode Injiniya. Me da me za a canza ke nan?

Injiniya_Fagge: IRF640 iyakarsu 200V, su fita. IRF740 na ɗaukar 400V, IRF840 na ɗaukar 500V. Ni 840 zan ce, saboda 400V a kan layin 325V ya yi kusa da baki, musamman da lodin fanka mai mayar da duka in an yanke mata wuta. Kafasita ta koma 400V ko 450V. Dayod su zama masu sauri masu 600V zuwa sama, irin MUR460 ko HER308. Kada a sa 1N4007 don an ga an rubuta mata 1000V, ta wutar NEPA ce, a 40kHz za ta yi zafi ta mutu.

Baba_Rediyo: Injiniya ya bar wanda yake kashe mutane a ɓoye. Mosfet biyu na sama a gadar nan, wato haɗin IRF640 ɗin huɗu, ba kai tsaye daga aisi ake tura su ba. Akwai ƙananan tiransisto baƙaƙe a kusa da su, su ma suna ganin cikakken boltej ɗin layin. A ta 120V za ka iya samun 2N5551, wadda iyakarta 160V, ko MPSA42 mai 300V. Ka canza manyan ka manta waɗannan, kana kunnawa ɗaya ta yi shot, mosfet na sama da na ƙasa su buɗe lokaci guda, sai hayaƙi. A sa MPSA44 ko KSP44 masu 400V, a duba jerin ƙafafu kafin a lika. Dayod ɗin da ke cajin ƙananan kafasitocin get na sama su ma su koma UF4007. Sannan duk rizistar da ke rataye a kan babban layin, zafinta zai ninka sau huɗu in boltej ya ninka sau biyu, don haka a ninka darajarta.

Injiniya_Fagge: Gaskiyarka Baba, Allah ya ƙara girma.

Mai_Kwayil_Zariya: Malam Direba, ƙirga mana dayod ɗin da ke bayan taransifoma, ka kuma faɗa mana ƙafafu nawa ke fitowa daga ɓangaren siririyar waya. Dalilin tambayar: in dayod biyu ne kuma naɗin yana da ƙafar tsakiya, ka tsinci dami a kala. Sai a cire ƙafar tsakiyar, a haɗa gadar dayod huɗu a kan bakunan biyu, boltej ya ninka ba tare da an warware komai ba. Wasu kamfanonin ma fanel ɗaya suke bugawa don kasuwar 110 da ta 220, sai ka ga ramukan jamfa da ba a cike ba, an rubuta musu lambobin.

Direban_Hilux: Dayod huɗu ne, ƙafafu biyu kawai. Ban ga jamfa ba. Kuma babu wani kwayil tsakanin dayod da kafasita, kai tsaye suka haɗu.

Mai_Kwayil_Zariya: To sai naɗi. Ga yadda ake yi. Cire taransifomar daga fanel, ka yi wa ƙafafu alama. Ƙarfen nata feraid ne, an manne shi da banish, yana fashewa kamar tangaran. A dafa ta a tafasasshen ruwa minti goma zuwa sha biyar, a zare ɓarin biyu a hankali tana da zafi, kada a sa sukundireba a ɓanɓara. Warware siririyar wayar kana ƙirgawa. A ce ka samu firamare 3+3, sakandare 40. Sabon naɗi zai zama 82 zuwa 85. Tunda karan (yawan wutar da ke bi, wato amfiya) ya ragu da rabi, kaurin waya ma ya ragu: in tsohuwar 0.8mm ce, 0.56mm ta isa, kuma ita ce za ta shiga gurbin. Kada a wuce 0.6mm da waya guda, domin a wannan saurin wuta a fatar waya take bi, tsakiyar a banza take. Kowane layi a rufe shi da salatif mai jure zafi, tsakanin firamare da sakandare a yi layi uku. Wajen mayar da ƙarfen, fuskokin su haɗu tsaf, ba datti ba tazara. In ya tsage ko an bar rata, za ka ga inbata tana shan amfiya biyu ko uku babu lodi, IRF3205 suna zafi.

Zongo_Tech: Gafara dai Mai Kwayil, da girmamawa, amma tunda ya ce babu kwayil bayan dayod, ba sai an taɓa taransifoma ba. A yi dobla, wato haɗin da ke ninka boltej. Kafasita biyu masu 200V iri ɗaya a jera, baki ɗaya na sakandare ya tafi tsakiyarsu, ɗaya bakin ya tafi tsakiyar dayod biyu. Kowace kafasita ta ɗauki 150V, jimla 300V. Wayar taransifomar tana ɗauke da wat ɗin da ta saba, a boltej ɗin da ta saba. A rataya wa kowace kafasita rizista 220k don su raba daidai kuma su sauke caji in an kashe, a ƙara kafasitar fim 1uF 250V a jikin kowace, domin a dobla kowace ɗaya tana shan bugun karan mai yawa. Sauran dayod biyu na tsohuwar gadar a cire su.

Mai_Kwayil_Zariya: Hanya ce, ban musa ba. Sai dai 300V babu lodi ba 300V ba ce da lodi. Dobla tana zubewa fiye da gada, kuma kafasitocin kasuwa masu arha ba sa jure zafin. In na ɗaukar 150W ne, na yarda. In ana son 400W ɗin duka, naɗi ya fi.

Zongo_Tech: Fanka da kilifa fa ya ce, yallaɓai. Ba su kai 100W ba a haɗe.

Malam_Lissafi: Abu biyu da ba a faɗa ba, kuma ko an yi naɗi ko dobla sai an yi su.

Na farko fidbak. Daga babban layin akwai jerin rizista da ke saukar da boltej zuwa ƙafa ta 1 ta aisin farko, ana kwatanta shi da abin da ke ƙafa ta 2, sau da yawa 2.5V. In na sama 590k ne na ƙasa 10k, layin zai tsaya a 150V. Ka ninka naɗi ka bar wannan, aisin zai riƙa yanke bugu yana riƙe layin a 150V, ka yi ta mamakin me ya faru. Don 325V: 430k guda uku a jera a sama, 10k a ƙasa. Uku a jera da gangan, saboda ƙaramar rizista guda ɗaya ba ta son fiye da 250V a kanta. Naka lambobin za su iya bambanta, auna su ka bi wannan lissafin.

Na biyu kariyar lodi. A ƙasan gadar IRF640 akwai rizista mai kauri, misali 0.1 om, da ke gaya wa aisi karan ya yi yawa. An saita ta don 400W a 120V, wato kusan 3.3A. A 230V, 400W 1.7A ne kacal. In ka bar ta, inbata ba za ta yanke ba sai lodi ya doshi 800W, kafin nan ɓangaren 12V ya ƙone. A ninka ta zuwa 0.2.

Wat ba ya ƙaruwa don an ninka boltej. 400 ce, 400 za ta zauna.

Yaro_Mai_Sauri: Ashe abin da yawa. Na janye maganar firiset.

Alhaji_Sifeya: Ni dai tambayata ta kasuwa ce. Mosfet huɗu, dayod, kafasita, tiransisto, waya, ladan mai naɗi, ga yinin mutum guda. A tara a gani ko bai kai kuɗin sabuwar 230V mai 300W ba. Sannan mosfet na jabu sun cika gari, an goge lamba an buga wata. Ka sa IRF840 wadda cikinta ba 840 ba ce, aiki ya koma baya. In don koyo ne, bismillah. In don amfani ne gobe da safe, a sayi wadda aka ƙera don wutarmu.

Rewaya_Tudun_Wada: Ko kuma a saya mata sitep-of ta 110 zuwa 220 a jona a bakinta, shi ke nan, ba a buɗe komai ba.

Injiniya_Fagge: Zai ba da boltej, kusan 240V, amma 60Hz ɗin na nan. Taransifomar ƙarfe da aka yi don 50Hz ba ta damuwa da 60Hz, sanyi ma ta fi yi. Akasin haka ne ke da haɗari: wadda aka naɗa don 60Hz in aka ba ta 50Hz a boltej ɗaya, ƙarfen na cika, ta ja karan ta yi zafi. Matsalar a nan ita ce wutar modifaid matakala ce, taransifoma za ta yi ta gurnani, kuma jan farko da take yi lokacin kunnawa yakan sa ƙaramar inbata ta yanke. In za a bi wannan hanya, a jona taransifomar tukuna, a kunna inbata, sannan a ɗora lodi. A ɗauki mai 500VA, kada a matse.

Za a iya haɗa biyun ma: a canza rizistar ƙafa ta 6 a samu 50Hz, a sa sitep-of mai 50Hz a samu boltej. Rizista ɗaya ke nan aka taɓa a ciki.

Rewaya_Tudun_Wada: Wannan ta ƙarshen ta fi kwanta min.

Askin_Zamani: A kan kilifa in sa baki. Irin mai waya wadda ba ta da mota a ciki, maganaɗisu ne ke kaɗa hannu da bugun wutar kanta, kuma sifirin ɗinta an daidaita shi da firikwansi ɗaya. Ta 50Hz a kan 60Hz ba ta jan gashi sosai, ta 60Hz a kan 50Hz kuma ƙara take kamar za ta tarwatse, reza na dukan jiki. Sukurun gefe yana rage abin amma ba ya gyara shi duka. Don haka ga kilifa Hz ɗin ba ado ba ne. Mai caji kuwa babu ruwanta.

Anti_Sola: Fanka ma: a 60Hz motarta na neman gudu da ƙarin kashi 20, fuka-fukan kuma suna neman ƙarfi fiye da haka nesa, sai ta ɗumama. Ƙara da wutar modifaid, za ta yi zuuu. Tsakani da Allah fanka mai 12V ta fi dacewa da mota, laftof ma akwai cajarsa ta 12V zuwa 19V. Kowane hawa da sauka na wuta yana cin kashi 10 zuwa 15.

Dan_Maradi: Mu nan Nijar 220V 50Hz ne, soket mai zagayen ƙafa biyu irin na Faransa. Duk abin da aka faɗa ya shafe mu, soket ne kawai ya bambanta. Tambayata, kayan da alhazai ke kawowa daga Saudiyya fa? An ce can ma 60 ne.

Baba_Rediyo: Haka ne, Saudiyya 60Hz ce, amma boltej ɗin 220 zuwa 230 ne a mafi yawan wurare, tsofaffin gine-gine ne ke da ragowar 127V. Butar lantarki da dutsen guga ba su san Hz ba, zafi kawai suke yi. Mai mota a ciki, irin injin wanki ko firij, shi ne a duba ko an rubuta 50/60.

Sienna_2011: Tunda ana maganar, motocin Amurka da ke zuwa da soket 120V a jikinsu fa, irin Sienna da Tacoma? Ita ma za a iya yi mata haka?

Rewaya_Tudun_Wada: Bar ta yadda take, maigida. Ta Sienna irin taka 100W ce, ta caja ce kawai, kuma caja ba ta ƙi 120V ba. Ta tsohuwar Tacoma tana ba da 400W a tsaye, ta sauka 100W in ana tafiya. Irin waɗannan maikurokontirola ne ke juya su, ba rizista ba, kuma suna haɗe da wayarin motar. Mai son 230V ya ja waya daban daga batir ya sa tasa.

Malam_Lissafi: Ga masu maikurokontirola akwai dabara ɗaya, in akwai kiristal a waje: 12MHz ya koma 10MHz, 60 ta zama 50, tunda duka biyar bisa shida ne. Amma komai na cikinta zai rage gudu tare, har da bugun da ke ƙera sayin ɗin, sai filta ta fara ƙara. In agogon a cikin aisin yake, babu hanya. Fiyo sayin masu aisin EG8010 su ne masu daɗi, a fanel ɗin EGS002 jamfa ce kawai, JP1 na 60, JP5 na 50, ba a haɗa su tare. Su kuma layinsu sai ya wuce 325V sosai, wajen 350 zuwa 380, domin ƙololuwar sayin ɗin 230V ita ce 325.

Direban_Hilux: Na fahimta. Ina ganin dobla zan gwada tunda lodin kaɗan ne. Yaya zan gwada ba tare da na ƙona ta ba, kuma yaya zan san 230 ta fito?

Injiniya_Fagge: Mataki-mataki. Cire mosfet huɗu na fita tukuna, ka gwada hawa na farko shi kaɗai. Kada ka jona batir kai tsaye, sa ƙwan fitilar mota 55W a jere da jar waya. In akwai shot ƙwan zai haska ya tsare karan, in lafiya ne zai ɗan yi ja ya mutu. Auna DC a kan kafasitocin, kowace ta nuna kusan rabi. Kashe, jira, auna ka tabbatar ta sauka ƙasa da 30V kafin hannu ya shiga. 300V a kafasita na kisa, ko an cire batir. Sannan saita 50Hz a ƙafafun fitar aisi na biyu, 9 da 10 ko 8 da 11, ya danganta da yadda aka haɗa. Sai a mayar da mosfet, da maika da man zafi a bayansu, ka auna ka ga bayan kowace bai taɓa hitsink (ƙarfen sanyaya su) ba. Kunna ta babu lodi, har yanzu da ƙwan mota a jere. In ya yi, cire ƙwan motar ka sa fis, sannan lodin farko ƙwan filamen 40W ko 60W.

Duba kuma tazarar layukan jan ƙarfe a ƙasan fanel. Inda babban layi ya matso wani ƙasa da milimita 3, a kankare a shafa banish. Ƙurar hunturu da danshin damina suna sa wuta ta yi tsalle a nan.

Malam_Lissafi: Wajen aunawa, mita ta gama-gari ƙarya take yi a kan modifaid. An yi ta ne don sayin. In layi 325V ne kuma bugun yana kunne rabin lokaci, ainihin wutar 230V ce, amma mitar za ta nuna kusan 180. Mutum ya ga 180 ya ce ta yi ƙasa ya ƙara, sai ƙwai su fara fashewa. A nemi mai rubutun True RMS. A lissafinka na dobla: inbatar da ke ba da 119V daga 150V tana kunne kashi 63 na lokaci, a 300V wannan zai ba da 238V, ya yi. Mita ta gama-gari za ta nuna wajen 210. In kana son saukar da shi, ƙafa ta 4 ce ke riƙe da faɗin hutun. Kuma a TL494 kason ba ya canzawa don ka canza Hz. A masu aisin 555 ko 556 ne sai an gyara faɗin bugun daban.

Baba_Rediyo: Kada kuma wani ya ce zai jona ta da wayarin gida in an ɗauke wuta. A yawancin waɗannan ƙananan, ramukan fitar biyu duk masu rai ne, babu nutural na gaskiya, kuma ƙasan babban layin yana haɗe da baƙar wayar batir, wato jikin mota. Ka haɗa ɗaya da atin (wayar ƙasa), ka yi wa mosfet shot. Soket ɗin Amurkan ma a cire shi a sa mai ƙafa uku irin namu, a manna takarda a rubuta 230V, kada wata rana wani ya ga 120V a jikin kwalin ya soka abin da ba shi ba.

Rewaya_Tudun_Wada: Ɓangaren batir kuma. 400W a 12V, da asarar ciki, kusan 39A ne. Ramin sigari fis ɗinsa 10A ko 15A, wato 120 zuwa 180W, a nan ya tsaya. Fiye da haka a ja waya 10mm kai tsaye daga batir, in ta wuce mita biyu 16mm, fis 50A dab da kan batir. Inji ya kasance a kunne. Inbata sai wajen 10.5V take yankewa, a lokacin batir ya riga ya kasa tayar da mota.

Alhaji_Sifeya: Duk wannan don fanka da kilifa. Ni har yanzu ina kan bakana.

Mai_Kwayil_Zariya: Alhaji, wanda bai buɗe ba ai ba zai iya ba. Malam Direba, kafin ka sayi komai karanto mana lambar ƙananan tiransiston nan da Baba ya ambata, da abin da aka rubuta a rizistar ƙafa ta 6.

Direban_Hilux: Tiransiston A42 aka rubuta musu, guda biyu. Rizistar kuma launukanta toka, ja, ruwan lemo.

Malam_Lissafi: 82k ke nan, lissafin Injiniya ya hau daidai. A42 kuwa 300V ce, a kan layin 300V ba ta da sarari ko kaɗan, su fita. Ita kafasitar ta 200V uF nawa ce? Biyu a jera rabi suke zama.